Masauki da Mai Gida: Tarihin Zaman Cunkoso a Baƙuwar Ƙasa da Tasirinsa ga Yaɗuwar Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin da ya dawo daga karatu a Alƙahira, ko Indiya, ko Ingila, abin da ya fi ba shi wuya a zamansa na waje, sau da yawa masauki zai fara ambata. Zai ba da labarin ɗan ƙaramin gida da mutum biyar ko shida suka haɗa kuɗi suka kama, kowa da ƙasarsa, kowa da harshensa da irin cimarsa, ga madafa ɗaya, ga makewayi ɗaya. Akan ɗauki wannan a matsayin sabon abu da zamani ya kawo. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin irin wannan zama, har ya gina masa tsari mai suna da ƙa'idoji, wato tsarin zango da mai gida. Za a kuma nuna cewa a cikin waɗannan ɗakuna na baƙi ne harshen Hausa ya sami hanyar shiga bakin mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba. Daga ƙarshe za a duba abin da matafiyin yau ya rasa da wannan tsari ya raunana.

2.0 Inda Tafiya ke Farawa

Kafin a bi matafiyi zuwa masaukinsa, ya kamata a san abin da ya fitar da shi daga gida. Misali mai kyau shi ne ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, irin su Rijiyar Zaki, wadda ke kan hanyar Gwarzo cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo. A yau gine-ginen birni sun cim mata, musamman tun da Jami'ar Bayero ta kafa sabon mazauninta a kusa da ita, amma asalinta ƙasar noma ce. Tana cikin yankin da Mortimore da Wilson suka buga nazarinsa a 1965, yankin da gona ke manne da gona, ba saura ba daji, ana noma fili ɗaya kowace damina, ana kuma raya shi da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni.

A irin wannan ƙasa, duk lokacin da aka raba gado gona takan ƙara ƙanƙancewa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi, ba nisa da Rijiyar Zaki, ta bayyana a littafinta na 1977 yadda magidanta da yawa ke zaune cikin katanga ɗaya a manyan gidaje, da kuma yadda ƙarancin gona ke sa maza barin gida. Wasu sukan tafi ci-rani su dawo da faɗuwar ruwa, wasu su bi malamai almajiranci, wasu kuwa su shiga fatauci. Abin lura a nan shi ne, mutumin wannan yanki ya saba da cunkoso tun daga gida: ya kwana a zaure da sa'o'insa, ya ci a kwano ɗaya da 'yan'uwansa. Amma wancan cunkoso ne na dangi, inda kowa ya san babba ya san ƙarami. Tambayar da tafiya ta ɗora masa ita ce, yaya za a yi wannan zama da wanda ba a haɗa jini da shi ba, ba a kuma jin maganarsa?

3.0 Hanyar Gwanja

Tsohuwar amsa ga wannan tambaya ta fito ne daga fataucin goro. Tarihin Kano ya nuna cewa an buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. Amma cinikin ya fi bunƙasa a ƙarni na 19, kamar yadda Lovejoy ya yi bayani a littafinsa na 1980, inda ya nuna rawar da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka taka, waɗanda da yawansu mazauna ƙauyukan Kano da Katsina ne. Ayari yakan tashi da ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da uban dawaki, da malamin ayari. Sukan ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, har su isa Salaga bayan watanni, ɗauke da tufafi da kanwa da fatu, su dawo da goro. Ba za a ɓoye ba cewa bayi na cikin hajar da aka yi ciniki a Salaga, suna kuma cikin masu ɗaukar kayan ayarin.

Wurin da ayari ke yada kaya ya kwana shi ne zango. Da tafiya ta yi tafiya, sai wasu zanguna suka zama unguwanni na dindindin a gefen garuruwan wasu al'ummu. Abubuwa biyu suka watsa waɗannan unguwanni zuwa kudu. Na farko shi ne cin da Turawan Ingila suka yi wa Tonawa, wato Ashanti, a 1874, wanda ya dagula hanyar goro. Na biyu shi ne yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya tarwatsa fatake da malamai zuwa Kete-Karachi da Kintamfo da sauran wurare. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da Alhaji Umaru, malami kuma mawallafi, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya rasu a Kete-Karachi a 1934. Zangon Kumasi ya cika ya batse bayan 1900. A Ankara ta ƙasar Gana kuwa, Malam Baƙo, wanda mahaifinsa Bakatsine ne, ya kafa Sabon Zango wajen 1912. A ƙasar Yarabawa ma an keɓe unguwar Sabo a Badun a 1916.

4.0 Mai Gida da Baƙinsa

Ginshiƙin zango shi ne mai gida, wanda a ƙasar Hausa akan kira fatoma. Hill ta yi nazarinsa a kasuwar shanu ta Kumasi, ta buga a 1966, Abner Cohen kuma ya yi nasa a Sabon Badun, ya buga a 1969. Abin da suka gani ya yi kama da juna ƙwarai. Mai gida mutum ne da ya riga ya zauna da gindinsa a garin, yana da gidaje, yana da dillalai da yara. Baƙon da ya zo da shanu ko ya zo sayen goro yakan sauka wurinsa, a ba shi wurin kwana da abinci, a adana masa kaya da kuɗi. Ba kuɗin haya ake karɓa daga gare shi ba. Ribar mai gida tana fitowa ne daga la'adar cinikin da aka ƙulla ta hannun dillalansa.

Aikin mai gida bai tsaya ga ba da tabarma ba. Shi ne tafinta tsakanin baƙo da 'yan gari. Shi ya san mahaucin da za a iya ba shanu bashi da wanda ba za a ba ba, idan kuwa mai saye ya ƙi biya, shi ne zai tsaya. Idan baƙo ya yi rashin lafiya shi ke nema masa magani, idan ya shiga rigima shi ke zuwa gaban Sarkin Zango ko gaban hukuma, idan ya rasu shi ke yi masa sutura ya aika wa magada da abin da ya bari. Jarinsa na gaskiya shi ne amana, domin labarin mai gidan da ya ci amanar baƙo yakan riga ayari isa Kano. Ya kamata kuma a tuna da waɗanda ba a cika ambata ba, wato matan gidan, domin su ne ke tsaye a kan tukunya safe da dare saboda mutanen da ba su ma san fuskokinsu ba.

A ɗakunan baƙi na irin wannan gida akan tarar da Bakano da Bagobiri da Babarbare da Bazabarme da Banufe suna kwana kafaɗa da kafaɗa. Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma babu shakka an saɓa: akan yi zargin sata, akan yi faɗa a kan bashi, cuta kuma ba ta da wuyar yaɗuwa inda numfashi ya haɗu. Abubuwa uku suka riƙe zaman. Na ɗaya, akwai wanda kowa ya yarda da hukuncinsa, wato mai gida, a bayansa kuma liman da Sarkin Zango. Na biyu, addini ya ba mazauna ɗakin lokaci ɗaya da ladabi ɗaya: tare ake tashi da asuba, tare ake buɗe baki da azumi, kuma kowa ya san haƙƙin baƙo da na maƙwabci. Na uku shi ne wasan barkwanci da ke tsakanin al'ummu, kamar na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarabawa, da na Kanawa da Zagezagi. Wannan wasa yakan ba mutum damar faɗin abin da ke damunsa game da abokin kwanansa cikin raha, ba tare da an kai ga zare wuƙa ba.

5.0 Harshen Tsakar Gida

Daga nan ne za a fahimci tasirin wannan zama ga harshe. A zangon Kumasi ko na Ankara, Hausawan asali ba su ne mafi yawa ba. Akwai Mosawa da Dagwambawa da Wangarawa da Kotokoli da Zabarmawa da Yarabawa da Fulani, kowace al'umma da shugabanta. Gida ɗaya yakan tara iyalai daga uku ko huɗu cikin waɗannan, kowane iyali da ɗakinsa, amma tsakar gida ɗaya ce, wurin girki ɗaya, wurin ɗiban ruwa ɗaya. Dole a sami harshen da za a ce a kawar da tukunya, ko a ari gishiri, ko a raba faɗan yara. Harshen da ya ci wannan gasa shi ne wanda mai gida da dillali da malamin makarantar allo ke magana da shi, domin shi ne wanda koyonsa ke kawo abinci da mutunci.

Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin Mosawan zangon Kumasi ta buga a 1978, ta nuna cewa 'ya'yan da aka haifa a zango sukan tashi da Hausa a bakinsu fiye da harshen iyayensu. Babu sarkin da ya ba da wannan umurni, babu kuma makarantar gwamnati da ta koyar. Mahdi Adamu ma, a littafinsa na 1978 kan gurbin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, ya jaddada cewa fatake da malamai da masu sana'a ne suka kai Hausa waɗannan wurare. Har ma'anar kalmar “Bahaushe” sai da ta faɗaɗa, ta yadda a bakin teku akan kira kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa da wannan suna.

Hausar da ta tashi a tsakar gidan zango tana ɗauke da tabon inda ta fito. Da yawa daga masu magana da ita ba sa bambanta jinsi, sai a ji an ce “yarinya ya zo”. Haka kuma sautukan ɓ da ɗ da ƙ sukan koma b da d da k. Waɗannan su ne wuraren da suka fi ba mai koyo wahala, su ne kuma aka fara sauƙaƙewa. Kalmomin da suka fita daga zango suka shiga harsunan 'yan gari su ma shaida ne, domin yawancinsu na madafa ne da na dako. Shinkafa da waken da duk Gana ke ci a yau sunanta ya samo asali daga “wake”. Haka “tuwo zafi” da “koko” da “fura”. Sunan da ake kiran mata 'yan dako a kasuwannin Ankara kuwa an gina shi ne a kan “kaya”. Aron bai zama na gefe ɗaya ba, domin ta irin wannan cuɗanya ce Hausa ta karɓi “agogo” da “ashana” da “akawu” daga Yarabanci.

6.0 Hanyar Gabas

Hanya ta biyu da ta koya wa mutanen ƙasar nan zama da baƙi ita ce ta hajji da neman ilmi. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ da aka gina a Alƙahira da dukiyar mutanen Kanem a tsakiyar ƙarni na 13, wadda ta zama masaukinsu. A Azhar kuma an raba ɗalibai zuwa ruwaƙai, wato sassan kwana, bisa ga ƙasashensu: akwai na Barnawa, da na mutanen Sinnar, da na Magribawa, da na Turkawa, da na mutanen Jawa. Kowane ruwaƙi da shehinsa, kuma ana raba wa ɗalibai gurasa daga dukiyar waƙafi. Shehin ruwaƙi a nan shi ke tsaye a gurbin mai gida. Sai a ƙarshen shekarun 1950 ne aka gina wa ɗaliban waje unguwa ta musamman a Alƙahira.

Misali mafi kyau na wannan zama shi ne na Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda bayan ya yi hajji ya zauna a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mutumin da asalin zuriyarsa daga yankin Habasha take. A wannan gida ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya rubuta shahararren tarihin Masar wanda ya adana mana labarin wannan Bakatsine.

Talakawa kuwa da ƙafa suka bi wannan hanya, suna tafe suna aiki, wani lokaci shekara da shekaru. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, mutanen yamma suka zama ƙashin bayan aikin. Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Wadai suka zauna a unguwanni ɗaya, Larabawan Sudan suka haɗa su duka suka kira su Fallata ko Takari. A nan ma Hausa ta zama ɗaya daga harsunan da suka haɗa su, kamar yadda nazarin Bawa Yamba na 1995 ya nuna game da waɗannan mahajjata da suka yi zango ya zame musu gida.

7.0 Bariki da Turai

Zuwan Turawa ya ƙara wasu masaukai biyu. Na farko shi ne bariki. Tun daga rundunar da Kyaftin Glover ya kafa a Ikko a 1863, wadda aka yi wa laƙabi da Hausawa ko da yake ba duka ne Hausawa ba, Hausa ta zama harshen da sojoji 'yan ƙabilu daban-daban ke magana da shi a ɗakunan kwanansu. Da ita aka je har Bama a yaƙin duniya na biyu, daga nan ne kuma aka sami karin da ake kira Barikanci.

Na biyu shi ne Turai kanta. Ɗorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram, ya bi Barth zuwa Turai a 1855, ya zauna a gidan Schön a Ingila. Daga hirar da aka yi a wannan gida ne Schön ya sami mafi yawan abin da ya zuba a nahawunsa na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Ke nan wani babban sashe na farkon rubutun Hausa da boko ya samu ne daga zaman gida ɗaya tsakanin baƙo da mai masauki. Amma waɗanda suka biyo baya sun tarar da wani tsari dabam, inda ɗaki haja ne, mai shi kuma yana iya hana baƙar fata. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda Ladipo Solanke ya jagoranci kafawa a Landan a 1925, ta buɗe gidan kwananta a 1933. Ba su kira shi zango ba, amma aikin zango ya yi.

8.0 Raunin Tsarin

Abubuwa da dama suka rage ƙarfin mai gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin ruwa kuma ya riga ya fara ɗaukar goro daga Ankara zuwa Ikko, hanyar da Alhassan Ɗantata ya yi amfani da ita tun yana saurayi. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Daga baya banki ya karɓi ajiya, waya ta karɓi saƙo, ɗakin baƙo kuma ya koma ɗakin haya. Littafin Deborah Pellow na 2002 ya nuna Sabon Zangon Ankara a wannan hali, inda zuriyar waɗanda suka kafa unguwar ke zaune da 'yan haya na kowace ƙabila.

Babban rauni kuwa ya zo ne daga iyakokin ƙasashe. Mai gida yana iya tsaya wa baƙonsa a gaban sarki, amma ba ya iya ba shi takardar zama. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana, aka kori dubun dubatar mutane, har da waɗanda a zango aka haife su. A 1983 Nijeriya ta yi irin wannan kora, mafi yawan waɗanda abin ya shafa kuma 'yan Gana ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, ɗaliban Nijeriya da ke Hartum, da yawansu 'yan arewa, sun sami kansu a ɗakunan haya babu mai tsaya musu, sai ƙungiyoyinsu na ɗalibai da jiran motocin da hukuma za ta aiko.

9.0 Kammalawa

An ga cewa zaman cunkoso da mutanen wasu ƙasashe tsohon abu ne ga Bahaushe, kuma cunkoson da ya tarar a Salaga ko Sabo bai gaza na ɗalibin yau ba. Bambancin shi ne, a da akwai wanda ya ɗauki nauyin ɗakin, wanda arzikinsa ya dogara ga lafiyar baƙonsa. Ɗalibin da ya tashi daga Rijiyar Zaki a yau zai sami ɗaki idan yana da kuɗi, amma da wuya ya sami mai gida. Ya dace hukumomin da ke tura ɗalibai waje, da ƙungiyoyin Hausawa mazauna ƙetare, su lura da wannan gurbi.

Ga manazarta harshe kuma akwai aiki a gaba. An yi rubutu mai yawa a kan karin harshen Kano da Sakkwato da Katsina, amma Hausar Kumasi da ta Mai Wurno da ta Makka ba su sami rabonsu ba, ga shi tsofaffin da suka san zamanin fatoma suna ƙarewa. Ya kamata ɗalibanmu masu neman manyan digiri su je waɗannan unguwanni, su zauna a tsakar gida, su naɗi maganar mata da yara, domin a bakinsu ne za a ga yadda Hausa ke sauyawa idan ta zama harshen mutanen da masauki kaɗai ya haɗa.